Fashin Baƙi: Me Ya Sa Jama'ar Gari a Amurka Suke Tsaya wa Kurege Don Kada a Kashe Shi da Guba?

Daga farkon Oktoba zuwa tsakiyar Maris, lokacin da doka ta yarda a yi amfani da wata guba mai suna Rozol, ma'aikata kan bi filayen kiwo na yammacin Amurka rami-rami suna zuba hatsin da aka cakuɗa da ita. A irin wannan lokaci kuma sai ka tarar zauren taron wata ƙaramar hukuma a jihar Kolorado ko Kansas ya cika da mutane, malaman makaranta da 'yan fansho da ɗalibai, wani sa'in har da masu shanu, kowa yana jiran a ba shi 'yan mintoci ya roƙi shugabanni kada a kashe dabbar da ke cikin ramukan. Wanda ya ga hotunan daga nan gida yakan ɗauka ƙoshi ne ya yi wa Turawa yawa, har suka samu lokacin yin zanga-zanga a kan ɓera.

Maganar ta fi haka nauyi. Dabbar tana cin ciyawa, a yankin da kiwon shanu shi ne abincin mutane. To me zai sa a bar ta? In kuma an bar ta, wa zai ɗauki asarar? A kan waɗannan tambayoyi biyu ake ta ja-in-ja fiye da shekara ɗari.

Wace dabba ce wannan?

Turawa suna ce mata prairie dog, wato karen fili, amma ba ta haɗa komai da kare ba. Kurege ce, 'yar uwar kuregen da yaranmu ke bi a gona, sai dai ta fi shi kauri da gajeriyar jela. Tsawonta bai wuce santimita 30 zuwa 40 ba, nauyinta kilo ɗaya ko sama da haka kaɗan. Kukan da take yi idan ta hango abokin gaba ne ya yi kama da haushin ɗan kwikwiyo, shi ya jawo mata sunan. A nan za mu kira shi kuregen Amurka.

Iri biyar ne: mai baƙar jela, mai farar jela, na Gunnison, na Yuta da na Meziko. Mai baƙar jela shi ya fi yawa, a kansa kuma aka fi rigima. Yana zaune daga kudancin Kanada, ya ratsa tsakiyar Amurka, har arewacin Meziko. Ba ya zaman kaɗaici. Namiji ɗaya da mata biyu ko uku da 'ya'yansu suna riƙe da unguwarsu, unguwanni su haɗu su zama gari guda na ramuka. A farkon ƙarni na 20 wani masanin dabbobi na gwamnati, Vernon Bailey, ya ba da labarin wani gari irin wannan a Teksas mai faɗin murabba'in kilomita kusan 65,000, ya ninka jihar Kano sau uku, aka ƙiyasta kurege miliyan 400 a cikinsa.

Abu ɗaya da mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta shi ne haihuwarsa. Ana ganinsa kamar ɓera, sai a zaci yana haihuwa kamar ɓera. Binciken John Hoogland, wanda ya shafe shekaru sama da arba'in yana zaune a bakin ramukan nan yana ƙirga su, ya nuna mace sau ɗaya take haihuwa a shekara, 'ya'ya uku ko huɗu ke fitowa daga rami, kusan rabinsu kuma ba sa cika shekara. Wani masanin, Con Slobodchikoff na wata jami'a a arewacin Arizona, ya naɗi kukansu ya gano cewa kukan da suke yi wa shaho daban ne da wanda suke yi wa dila ko mutum, har ma yana sauyawa gwargwadon launin rigar mutumin da ke tafe.

Yadda aka mai da shi abokin gaba

Kafin zuwan Turawa, kurege da ɓaunar Amurka tare suke kiwo a fili ɗaya dubban shekaru. Da aka ƙarar da ɓauna aka cika filin da shanu da tumaki, aka kafa shinge, kowane ganyen ciyawa ya zama kuɗi.

A 1902 shugaban hukumar binciken dabbobi ta gwamnatin tarayya, C. Hart Merriam, ya wallafa wani lissafi: kurege 256 suna cin ciyawar saniya ɗaya, 32 suna cin ta tunkiya ɗaya, kuma suna rage amfanin fili da kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari. Lissafi ne na kan takarda, an gina shi a kan nauyin jikin dabbobi, ba a kan awon da aka yi a makiyaya ba. Amma ya fito daga bakin babban jami'i, ya kuma dace da abin da masu shanu ke son ji, sai ya zauna daram. Wajen 1915 gwamnatin tarayya ta shiga aikin da kuɗinta da ma'aikatanta, ana watsa hatsi mai gubar sitiriknin a kan miliyoyin eka. A 1931 majalisa ta kafa dokar da ta ba Ma'aikatar Noma ikon kawar da dabbobin da ake ganin suna ɓarna. Hukumar da ta gaji wannan aiki ita ce a yau ake kira Wildlife Services.

Sakamakon ya fito a alƙaluman gwamnati da kanta. Filin da mai baƙar jela ya mamaye a da an ƙiyasta shi eka miliyan 80 zuwa sama da 100. A 1961 ya koma eka 364,000. A 2009 ya farfaɗo zuwa kusan eka miliyan 2.4. A lura da waɗannan lambobi uku, domin kowane ɓangare yana ɗaukar wadda ta yi masa. Masu kare kurege suna cewa an rasa sama da kashi 95 cikin ɗari. Masu shanu suna cewa ya ninka kusan sau bakwai tun 1961. Duka biyun gaskiya suka faɗa. Da wannan lamba ta ƙarshe hukumar kula da kifaye da namun daji ta kafa hujja a 2009 ta ƙi saka shi cikin jerin dabbobin da doka ke karewa, bayan a shekarar 2000 ita da kanta ta ce ya cancanci kariya amma akwai waɗanda suka fi shi buƙata.

Gubar da yadda take aiki

Idan an ce kashewa don rage ɓarna, hanyoyi huɗu ake nufi. Akwai hatsi mai sinadarin zink fosfaid, dangin abin da muke kira shinkafar ɓera, wanda idan ya haɗu da ruwan ciki yake sakin iska mai guba, dabbar ta mutu cikin sa'o'i. Akwai hayaƙi ko iskar guba da ake turawa cikin rami a toshe bakinsa, duk abin da ke ciki ya mutu, ko kurege ne ko mujiya ko zomo ko ƙadangare. Akwai harbi da bindiga. Sai kuma ta huɗu, wadda ta fi tayar da ƙura, wato guba mai hana jini daskarewa, irin su Rozol da Kaput-D.

Wannan ta huɗun ba ta kisa nan take. Kuregen da ya ci yakan ɗauki kwanaki, wani ma mako biyu ko fiye, jini yana tsiyaya a cikin jikinsa. A cikin kwanakin nan yana fitowa bakin rami yana layi, ba ya iya gudu. Ga shaho ko gaggafa ko dila, wannan nama ne a arha. Su ɗauka su ci, gubar ta bi su. Ƙa'idar da ke jikin buhun ta ce a zuba hatsin can cikin rami, a riƙa dawowa ana tsince gawarwaki ana binnewa. Amma wa zai bi eka dubu biyar da ƙafa yana tsintar gawar kurege kafin tsuntsu ya riga shi?

A 2016 an ga abin da kan faru idan aka yi watsi da ƙa'idar. A wani gandun kiwo da ke yankin Standing Rock, kan iyakar Dakota ta Arewa da ta Kudu, an watsa Rozol kusan tan 18 a kan dubban eka. Daga baya aka tsinci gawar gaggafa mai farin kai guda shida, tsuntsun da ke kan tambarin ƙasar. Harbi ma yana da nasa ɓoyayyen dafi: harsashin dalma yana tarwatsewa a cikin naman, maharba kuma ba sa ɗaukar gawar, tsuntsaye masu cin nama su haɗiye dalmar.

Bayan duk wannan, ramukan suna nan. Idan akwai wani garin kurege a kusa, cikin 'yan shekaru sababbi sun shigo sun tarar da gida a gine. An kashe maciji ba a sare kansa ba, sai a sake sayen guba.

Abin da ke tafiya idan kurege ya tafi

A nan ne hujjar masu kare shi ta fi ƙarfi, kuma ba hujjar tausayi kaɗai ba ce. Garin kurege kasuwa ce ta namun daji. Wata ƙaramar mujiya mai dogayen ƙafafu a cikin raminsa take ƙwai. Wani tsuntsu mai sheƙa a ƙasa yana neman gajeriyar ciyawar da kurege ya aske. Yanyawar filin, da babban shahon yankin, da gaggafa, da ɗan uwan dage, duk da shi suke rayuwa. Tonon da yake yi yana juya ƙasa ruwa ya shige, kuma a kudu maso yamma an nuna yana cinye tsiron itacen meskit mai ƙaya, wanda in ya samu sarari yakan mai da makiyaya kurmin da saniya ba ta iya shiga.

Babban misali shi ne feret mai baƙar ƙafa, wata siririyar dabba dangin bodari. Kashi 90 cikin ɗari na abincinta kurege ne, guda ɗaya tana cin sama da ɗari a shekara, a cikin raminsa kuma take kwana take haihuwa. Da aka ƙarar da kurege ita ma ta bi shi, har a 1979 aka ɗauka ta ƙare a duniya. A 1981 karen wani gidan kiwo kusa da garin Meeteetse a Wayomin ya kawo gawar guda ɗaya ƙofar gida. Aka bi sawu aka samu ragowarsu. Cuta ta faɗa musu, sai aka kama 18 da suka rage tsakanin 1985 da 1987 aka killace. Duk feret ɗin da aka saka a daji tun daga 1991 zuriyar guda bakwai ne daga cikinsu. Har yau waɗanda ke daji 'yan ɗaruruwa ne.

Ga inda abin ke ɗaure kai. Gwamnati ɗaya ce ke kashe miliyoyin daloli tana kiwon feret a keji, har da yin kwafin halittar wata mai suna Elizabeth Ann a Disambar 2020, ita ce kuma ke ba da lasisin gubar da ke kashe abincinta. A Arizona an shafe mai baƙar jela kakaf wajen 1960, sannan a 2008 jihar ta koma tana ɗauko shi daga maƙwabta tana sake zaunar da shi.

Sai kuma annoba. Cutar da ƙuma ke yaɗawa, wadda ta hallaka Turai a ƙarni na 14, ta shigo Amurka ta jiragen ruwa a San Faransisko wajen 1900, ta bazu cikin namun daji. Kurege ba shi da garkuwa a kanta. Idan ta shiga gari takan kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari a 'yan makonni, ta haɗa da feret. Haka ta yi a kwarin Conata na Dakota ta Kudu daga 2008, wurin da ya fi ko'ina yawan feret a lokacin. Don haka yawan da ake gani yau ba abin dogaro ba ne, garin da ke cike bana yana iya zama kufai baɗi. Yanzu ma'aikata da 'yan sa-kai suna bin ramuka suna busa hodar kashe ƙuma, ana kuma gwada riga-kafi a cikin abinci mai ɗanɗanon tunkuza.

Kukan masu shanu: nawa ne gaskiya?

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, kuma duk wanda ya ce mai shanu ƙarya yake yi bai yi masa adalci ba. Kurege yana cin ciyawa, yana kuma yanke wadda bai ci ba don ya riƙa hango abokin gaba. Wani bincike da Justin Derner da abokan aikinsa suka wallafa a 2006, bayan awon shanu na shekaru a arewa maso gabashin Kolorado, ya nuna idan kurege ya mamaye kashi 20 cikin ɗari na makiyaya, ƙibar da bijimi ke yi tana raguwa har darajarta ta faɗi da kashi 5.5. Idan ya mamaye kashi 60, faɗuwar takan kai kusan kashi 14. Ga mutumin da ribarsa ta shekara siririya ce, ga bashin banki, ga fari, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Amma ina 14, ina 75 ɗin Merriam? Dalilin da ya sa asarar ba ta kai yadda ido ke gani ba shi ne ciyawar da ke sake tohowa bayan askin kurege ta fi furotin da sauƙin narkewa, har ɓauna kan zaɓi kiwo a kan garin nasa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Mai baƙar jela ba ya son doguwar ciyawa, tsoronta yake ji. Filin da shanu suka cinye har ƙasa, musamman a shekarar fari, shi ne ya fi yi masa daɗin mamaya. Sau da yawa yaɗuwar kurege alama ce ta filin da aka yi wa kiwo fiye da ƙarfinsa, sai a ga ramuka a kan ƙasa tsirara a ɗora masa laifin duka.

Maganar cewa shanu da dawakai suna karya ƙafa a ramuka ta daɗe tana yawo, amma masu binciken da suka bi diddiginta ba su samu shaida mai yawa ba. Tsoron annoba kuwa yana da tushe, ko da yake a duk faɗin Amurka matsakaicin masu kamuwa da ita mutum bakwai ne a shekara.

Kukan da ya fi ƙarfi a ganina shi ne na maƙwabci. Kai ka yarda ka zauna da kurege, ni ban yarda ba, shi kuma bai san shinge ba. A kudancin Yuta, inda doka ke kare irin nasu tun 1973, mutanen garin Cedar City da kewaye sun kasa gini a filayensu, ramuka sun shiga maƙabarta da filin jirgin sama. Su ma jama'ar gari ne, su ma ƙungiya suka kafa suka kai ƙara. Sun yi nasara a 2014, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2017. Wanda aka tone kabarin mahaifinsa ba za a lallashe shi da darasin ilimin halittu ba.

Su wa ke fafutukar, kuma yaya suke yi?

Akwai manyan ƙungiyoyi masu lauyoyi, irin su Defenders of Wildlife da WildEarth Guardians. Defenders ce tare da Audubon of Kansas suka kai Hukumar Kare Muhalli kotu, a 2011 alƙali ya ce ta saɓa doka da ta ba Rozol lasisi ba tare da tuntuɓar hukumar namun daji ba. Amma yawancin aikin a ƙasa yake, domin hukuncin kisa ko bari ba a Washinton ake yanke shi ba. Shugabannin ƙaramar hukuma ne, da majalisar gari, da mai filin da zai gina kanti.

Labarin da ya fi karya tunanin cewa rigimar 'yan birni ce da makiyaya ya faru a ƙaramar hukumar Logan ta yammacin Kansas. Jihar tana da doka tun 1901 da ta ba hukuma ikon shiga filin mutum ba da izininsa ba, ta zuba guba, sannan ta aiko masa da takardar biyan kuɗi. Wasu masu gandun kiwo, Larry Haverfield da Gordon Barnhardt, suka ce ba su yarda ba. Haverfield mai shanu ne na gaske, da su yake ci, yana juya garkensa daga shinge zuwa shinge don fili ya huta, kuma ya ce yana son ganin shaho da gaggafa da yanyawa a ƙasarsa. Maƙwabta suka fusata, hukuma ta turo masu guba, aka shiga kotu. Shi kuwa ya killace wani zirin fili a gefen iyakarsa ya hana shanu shiga, ciyawa ta yi tsawo ta zama katangar da kurege ke shakkar ƙetarawa. A Disambar 2007 gwamnatin tarayya ta saki feret a filayen nasu. Da dabbar da dokar tarayya ke karewa ta zauna a wurin, kotu ta hana ƙaramar hukuma shafe kuregen, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2012. Haverfield ya rasu a 2014.

A birane kuwa aikin na kwashewa ne. Idan za a yi gini a fili mai kurege, 'yan sa-kai irin na Prairie Dog Pals a Albuquerque ko Prairie Dog Coalition a Kolorado sukan kafa tarkon keji, ko su kwarara ruwan sabulu mai kumfa a rami dabbar ta fito su cafke. Kafin nan sun je sabon wuri sun haƙa ramukan wucin gadi sun binne akwatuna. Sun koyi darasi mai tsada: in ka kwashe su barkatai yawanci mutuwa suke yi. Binciken Debra Shier na 2006 ya nuna waɗanda aka kwashe tare da danginsu sun ninka sauran sau biyar wajen rayuwa. Don haka sai an zauna kwanaki ana kallo, a gane wa ke unguwar wa, kafin a kafa tarko.

Matsalar ita ce wurin kai su. A 1999 Kolorado ta kafa dokar da ta hana a ƙetara da kurege zuwa wata ƙaramar hukuma sai shugabanninta sun amince, kuma ba kasafai suke amincewa ba. A 2015 a garin Castle Rock mutane sun yi ta zanga-zanga a kan filin da za a gina babbar kasuwa, aka kashe mafi yawan kuregen, suka tsira da kaɗan. Ko birnin Boulder, wanda aka sani da kare shi, a 2020 majalisarsa ta amince a kashe a gonakin ban ruwa mallakar birnin, bayan manoman da ke haya sun nuna yadda ƙasa ke zaizayewa. A Nebraska, Sanata Ernie Chambers ya yi ta ƙoƙarin soke wata dokar 2012 mai kama da ta Kansas, majalisa ta amince a 2018, gwamna Pete Ricketts ya ƙi sa hannu. Faɗuwarsu ta fi nasararsu yawa, gara a faɗi haka.

Ba kurege kaɗai ba

Alƙaluman Wildlife Services na 2021 sun nuna ta kashe dabbobi sama da miliyan 1.7. Mafi yawa tsuntsaye ne da aka shigo da su daga waje, amma kusan 400,000 'yan asalin ƙasar ne, ciki har da koyoti, wato dilan Amurka, sama da 60,000. Ɗaya daga kayan aikinta wata na'ura ce mai suna M-44, ana kafa ta a ƙasa a shafa mata ƙamshin nama, dabba ta ja da baki ta fesa mata gubar sayanaid. A Maris 2017, kusa da Pocatello a Aidaho, wani yaro ɗan shekara 14 ya taɓa ɗaya a kan tudun bayan gidansu. Karensa ya mutu a gabansa, shi aka kai shi asibiti. Iyayensa suka shiga fafutuka tare da ƙananan ƙungiyoyi. Jihar Oregon ta haramta na'urar a 2019, a Nuwambar 2023 kuma hukumar da ta fi kowace riƙe filayen tarayya ta dakatar da ita a filayenta.

Gasar kisa ma ta sha matsin lamba, wato taron da ake ba da kyauta ga wanda ya fi harbe dabbobi. Niyu Meziko da Arizona sun hana a 2019, Kolorado a 2020, haramcinta kuma ya haɗa da kurege.

Inda maganar ta taɓa mu

Sau ɗaya sunan dabbar nan ya haɗu da na yankinmu kai tsaye. A 2003 an shigo da gafiya da wasu ɓeraye daga Gana zuwa Teksas don sayarwa masu kiwon dabbobin sha'awa, aka ajiye wasu kusa da kuregen da ake sayarwa a Ilinoi. Ƙyandar biri ta tsallaka zuwa kuregen, daga shi zuwa mutane 47 a jihohi shida. Karo na farko ke nan da aka ga cutar a jikin mutane a wajen Afirka, kuma fataucin namun daji ne ya kai ta.

Tambayar da ake yi a Kansas kuwa ba baƙuwa ba ce ga manomin shinkafa a Kebbi ko mai gero a Yobe. Idan jan-baki ya sauka, gona kan ƙare a yini guda, kuma abin da aka saba shi ne a nemi gwamnati ta turo jirgi ya yi feshi. Ba wanda zai ce wa manomin ya zuba ido. Amma maganin feshin ba ya tantance jan-baki da shaho, kuma a yankin Tafkin Chadi akwai masu kama tsuntsun da raga su sayar a kasuwa. Ungulun da ta ɓace daga mayankanmu ma guba na cikin abin da ya ci ta. Addini ya halatta kashe abin da ke cutarwa, ɓera na ciki, amma kuma mun san hadisin annabin da tururuwa ɗaya ta ciza ya sa aka ƙone gidansu duka, aka yi masa wahayi ana tuhumarsa a kan hallaka al'umma guda saboda cizon ɗaya.

Wa zai biya?

Guba tana kama da hanya mafi arha ne saboda ba mai shanu kaɗai ke biyanta ba. Kuɗin haraji na tallafa mata, gaggafa da feret na biyan sauran, kuma bayan 'yan shekaru a sake. Barin kurege kuwa, in ba a yi wani tsari ba, mutum ɗaya ne ke ɗaukar nauyinsa, wato mai filin da maƙwabcinsa. Mai zanga-zangar da ke zaune a Denba, babban birnin Kolorado, ba ya rasa ko kilo ɗaya na nama. Muddin haka lissafin yake, mai shanu zai ci gaba da zaɓar guba, kuma ban ga laifinsa ba.

Shi ya sa wuraren da aka samu ci gaba su ne inda aka taɓa aljihu. A 2013 hukumar namun daji ta fito da wata yarjejeniya: mai filin da ya karɓi feret don raɗin kansa ba za a ɗora masa sababbin takunkumi ba, maƙwabcinsa ma haka. A Kolorado an biya masu gandu kuɗi a kan kowace eka da suka bar wa kurege, ana kuma rage shi a bakin iyaka don kada ya shiga filin wanda bai so. Ƙabilun asali na Lower Brule da Cheyenne River a Dakota ta Kudu da Fort Belknap a Montana sun ware filayensu sun karɓi feret, alhali su ma da shanu suke rayuwa. Wasu masu fafutuka ba sa son wannan sulhu, domin har yanzu akwai kisa a cikinsa. Ni ina ganin zirin iyaka da aka rage ya fi eka dubu biyar da aka watsa wa Rozol, matuƙar an fara gwada doguwar ciyawa da kwashewa da sauƙaƙa kiwo kafin a ɗauko buhun guba.

A Kansas dai an yi yunƙurin soke dokar 1901 a majalisar jiha ba a yi nasara ba. Filin da Haverfield ya tsaya a kai ya tsira ne saboda feret ɗin da ke cikinsa. Mai gandun da ke son barin kurege amma ba shi da feret, hukuma tana da ikon buɗe ƙofar shingensa idan Oktoba ta kama.